Darasi: 'Yar Na'ura Mai Tsaron Famfon Lambu

'Yan'uwa manoma, a taronmu na Tudun Wada an sha tambaya a kan akwatin nan da ake haɗawa da famfon ban ruwa mai aiki da hasken rana. A cikinsa akwai 'yar kwamfuta wadda ba ta wuce tafin hannu ba, da layin waya. Mutum yana zaune a Gusau sai ya aika mata saƙo, ta kunna famfo ko ta kashe. Ga waɗanda lambunansu ke wajen Tsafe ko Bungudu, inda ba kullum hanya take biyuwa ba saboda 'yan bindiga, wannan ba ƙaramin taimako ba ne.

Amma na'urar tana ci, abincinta kuwa wutar batir ce. Bari mu yi lissafi. Ƙaramin batir mai bolt 12 da amfiya 7 yana iya ba da wat 84 na awa guda. Wata irin na'urar, Jetson Nano, wadda kamfanin NVIDIA ya fitar a 2019, tana da matakai biyu: na wat 10 da na wat 5. In ta ci iyakar rabonta, a matakin farko batirin ba zai kai awa 9 ba. A na biyu zai kusa awa 17, gama takan hutar da biyu cikin ƙwaƙwalenta huɗu. Kunna famfo ba ya bukatar huɗun duka. Mu bar ta a ƙaramin mataki, balle da hunturu, sa'ad da ƙura take rufe allon hasken rana.

Akwai kuma barci. Ƙanana irin su ESP32 akan sa su barci, su riƙa farkawa loto-loto. Mai barci kusan ba ta cin kome, amma ba ta ji. Ko saƙo goma muka aika, shiru, sai ta farka. Wanda ya sa ta barci daga nesa bai kuwa faɗa mata lokacin tashi ba, ya kulle ɗaki ke nan da mabuɗi a ciki. Sai an hau babur an je har lambun. Domin haka a shirya ta tun tana gabanmu a gida, a gwada ta kwana uku, a rubuta lokutan farkawarta a littafin ƙungiya. A sake lambar sirrin da ta zo da ita, sabuwar ta zauna wurin sakatare da ma'aji kaɗai.

Mun tuna watan Satumba na 2021, da aka rufe layukan waya a jihar Zamfara duka. Gusau ta sami nata a Oktoba, ƙauyuka sai daga baya. Albasa da tumatir ba za su yi wannan jira ba. Sai mu roƙi mai haɗa mana akwatin ya koya mata cewa in ta kwana ba ta ji daga gare mu ba, ta ba da ruwa da hantsi ta kuma kashe da kanta. Ya bar mana makunni na hannu a jikin famfon.