Idan Magana Ta Ɓace wa Dattijo: Afaziya a Idon Mai Nazarin Harshe

Gabatarwa

Hawan jini, wanda a ƙasarmu aka fi sani da "tansiyo", da ciwon sukari suna cikin cututtukan da kan zauna da mutum har ƙarshen rayuwarsa, kuma sun fi addabar masu manyan shekaru. Cikin munanan abubuwan da suke jawowa akwai shanyewar ɓarin jiki, wadda ke faruwa idan jijiyar jini ta toshe ko ta fashe a cikin ƙwaƙwalwa. Kusan ɗaya cikin uku na waɗanda wannan lalura ta sama sukan wayi gari magana ta cuɗe musu. Dattijon da jiya yake raba gardama a ƙofar gida, yau ya kasa neman ruwan sha. Sai iyali su ce jifa ne, ko iska ta taɓa shi, ko tsufa ya ruɗa shi. Likitoci na kiran wannan hali afaziya. Manufar wannan maƙala ita ce a nuna cewa afaziya ciwo ne da ke kama harshe kansa, saboda haka mai nazarin Hausa yana da aiki a ciki.

Mece ce afaziya?

Afaziya ita ce rasa ikon sarrafa harshe bayan an riga an mallake shi, sakamakon rauni a ƙwaƙwalwa. Ta bambanta da bebantaka da in'ina. Ta kuma bambanta da nauyin baki, inda tsokar leɓe da ta harshe ce ta yi rauni alhali kalmomi na nan daram a zuciya. Mai afaziya sau da yawa yana cikin hankalinsa, ya san matarsa, ya san gonarsa. Hanyar da ke tsakanin tunani da kalma ce ta yanke. Ga mafi yawan mutane, cibiyoyin harshe suna ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa, wanda kuma shi ke sarrafa ɓarin dama na jiki. Shi ya sa akan ga ɓacewar magana tare da shanyewar hannun dama.

Manyan nau'o'i biyu

A shekarar 1861, likitan Faransa Paul Broca ya duba wani majinyaci a asibitin Bicêtre, mai suna Leborgne, wanda ya shekara ashirin da ɗaya kusan ba ya furta komai sai gaɓa ɗaya, "tan", ko da yake yana fahimtar abin da ake faɗa masa. Bayan rasuwarsa aka tarar da rauni a gaban ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwarsa. Mai irin wannan afaziya yakan yi magana da ƙyar, kalma ɗaya-ɗaya, yana zubar da ƙananan kalmomin nahawu.

A 1874 kuma, Bajamushe Carl Wernicke ya bayyana wani nau'in da rauninsa ke can baya, kusa da cibiyar ji. Mai shi yakan zuba magana ba tsayawa, da kari mai daɗin ji, amma kalmomin ba su dace da juna ba, kuma fahimtarsa ta yi rauni. Wannan ne aka fi yi wa kuskuren hauka.

Masanin harsuna Roman Jakobson, a wani nazari da ya fitar a 1956, ya danganta matsalar da ayyuka biyu da mai magana ke yi a kullum: zaɓen kalma daga cikin ƴan'uwanta, da jera kalmomi su zama jimla. Wani majinyacin zaɓe ne ya kuɓuce masa, wani kuwa jerawa.

Inda Hausa ta sha bamban

Afaziya takan bayyana gwargwadon ƙirar harshen mai ita. Bafaranshe yakan bar aikatau tsirara ba tare da ɗafin lokaci ba. A Hausa kuwa, lokaci ba ya jikin aikatau, yana cikin ƴar kalmar da ke gabansa: ya, zai, yana, yakan. Idan ta faɗi, "Audu zai tafi kasuwa" ta koma "Audu, kasuwa, tafi", sai mai saurare ya rasa ko an tafi ne ko za a tafi.

Ga kuma karin sauti da tsawon wasali. Dubi "ya zo". Idan wasalin "ya" dogo ne da karin sama, zuwan ya riga ya auku. Idan gajere ne da karin ƙasa, izini ne ko umurni. Idan dogo ne da kari mai faɗuwa, ana tsammanin zuwan ne nan gaba. Haka "kuka" na hawaye da "kuka" ta miya, kari kaɗai ya raba su, kamar yadda tsawon wasali ya raba "gari" na zama da "gari" na tuwo. Binciken da Jack Gandour ya yi kan harshen Tai ya nuna cewa rauni a ɓangaren hagu na iya taɓa furta kari da rarrabe shi. Gwajin da aka gina kan Faransanci, irin su MT-86, ba shi da gurbin auna wannan, domin Faransanci ba ya rarrabe kalmomi da kari. Fassara irin wannan gwaji kalma da kalma ba ta wadatarwa. Dole a sake gina shi kan nahawun Hausa, a kuma kula da karin harshe, don kada a ɗauki "shina zuwa" ta mutumin Tawa a matsayin kuskure.

Abubuwa biyu masu ruɗa iyali

Na farko, maganar da baki ya saba da ita takan tsira. Majinyaci na iya amsa sallama, ya ƙirga ɗaya zuwa goma, ya karanta Fatiha, amma ya kasa faɗar sunan ɗansa. Likitan Ingila Hughlings Jackson ya lura da irin wannan tun ƙarni na goma sha tara. Wanda bai sani ba sai ya ce da gangan tsohon yake yi, alhali haddatacciyar magana da ƙirƙirar sabuwar jimla ba hanyarsu ɗaya ba a ƙwaƙwalwa.

Na biyu, mai harsuna da yawa ba lallai su dawo masa tare ba. A 1895 Albert Pitres ya nuna cewa harshen da mutum ya fi amfani da shi kafin ciwon yana iya riga harshen uwa dawowa. A ƙasar da mutum guda ke jin Hausa da Zabarmanci da Faransanci, wajibi ne a gwada shi a kowanne. Dattijon da aka yi wa tambaya da Faransancin lakwal kawai, ana iya ƙara masa ciwon da ba shi da shi.

Kammalawa

Kula da hawan jini, ta hanyar awo a kai a kai, da rage gishiri, da shan magani ba fashi, shi ne babban rigakafi. Idan baki ya karkace farat ɗaya, ko hannu ya saki, ko magana ta cuɗe, a garzaya asibiti nan take, domin sa'o'in farko su ne masu tsada. Bayan an dawo gida, a riƙa yi wa majinyaci gajerun jimloli, a yi tambayar da amsarta "i" ko "a'a" ce, a ba shi lokaci, kada a yi masa tsawa ko a yi zancensa a gabansa tamkar ba ya nan. Magana takan farfaɗo, musamman a watannin farko, idan ana motsa ta.

Mu kuma ɗalibai, ga fage a buɗe ga mai neman batun kundi: tattara kalmomi masu bambancin kari, tsara hotunan abubuwan da dattijon karkara ya sani, naɗar maganar majinyata da yardarsu da ta iyalansu. Likita ya san ƙwaƙwalwa, amma bambancin "ya zo" guda uku aikinmu ne mu bayyana masa.