Ƙwannafi da Maganin Olsa: Yadda Ake Rage Sha Ba Tare da An Cutu Ba

Jama'a, an rubuta wannan takarda ne domin mutanen Ƙofar Ɗan Agundi da maƙwabtansu na Sabuwar Ƙofa da Ƙofar Na'isa a birnin Kano, musamman magidanta da matan aure waɗanda kapson omeprazole ya zame musu abin sha kullum safiya. Da yawansu likita ya rubuta musu shi sau ɗaya tak, na 'yan makonni, shekarun baya. Tun daga ranar ba su koma asibiti ba. In kati ya ƙare sai a aiki yaro kemis ya sayo wani. In ka tambaya, a ce maka ai olsa ce, ba ta warkewa.

To, abin da ya kamata a fara sani shi ne, ba kowane zafin ƙirji ne olsa ba. Olsa gyambo ne a jikin tumbi ko a farkon hanji. Ƙwannafi kuwa ruwan tsamin da tumbi ke narka abinci da shi ne yake tasowa sama, ya ƙona hanyar abinci, wani lokaci har ya iso maƙogwaro da ɗaci ko tsami. A inda hanyar abinci ta haɗu da tumbi akwai wata tsoka mai kama da zobe. Aikinta irin na sarkin ƙofa ne a zamanin da ake rufe ƙofofin birnin Kano da dare: ta buɗe abinci ya shige, ta rufe kada wani abu ya fito. In ta yi sanyi, ko ciki ya cika ya matsa mata, sai ruwan tsami ya sami hanya. Tumbi yana da majina mai kauri da ke kare shi, hanyar abinci kuwa ba ta da irin wannan kariya, shi ya sa ake jin raɗaɗi.

Omeprazole magani ne na ƙwarai, kada wani ya ce mun kushe shi. Wani kamfani na ƙasar Suwidin mai suna Astra ne ya fito da shi a ƙarshen shekarun 1980, kuma ya ceci mutane da yawa daga fiɗa. Shi da 'yan'uwansa, su esomeprazole da pantoprazole da rabeprazole, suna toshe wuraren da tumbi ke fitar da ruwan tsami. Amma ga yawancin masu ƙwannafi, mako 4 zuwa 8 ake rubutawa, sa'an nan a sake dubawa. Ba ya gyara tsokar nan da ta yi sanyi, tsamin kawai yake ragewa.

Ruwan tsamin nan kuwa ba a banza Allah ya halicce shi ba. Yana kashe ƙwayoyin cuta da ke shigowa cikin abinci, yana kuma taimaka wa jiki ya tsotsi sinadarin ƙarin jini da bitamin B12. Hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a 2010 a kan karayar ƙashi ga masu daɗewa suna sha, a 2011 a kan raguwar sinadarin magnesiyam a jini, a 2012 kuma a kan wani irin zawo mai tsanani. Gaskiya ita ce waɗannan ba kowa suke samu ba, kuma ga wanda yake da larura ta haƙiƙa amfanin maganin ya fi haɗarinsa nesa ba kusa ba. Sai dai wanda ba ya bukatarsa, don me zai ɗauki ko da ƙaramin haɗari, ga kuma kuɗi na fita kowane wata?

Yanzu ga abin da yake ruɗin mutane, kuma saboda shi aka fi rubuta wannan takarda. Wani zai ce, «Malam, ai na taɓa gwada dainawa, kwana uku ƙirjina kamar an hura wuta.» Ba ƙarya ya yi ba. Amma wannan wutar ba lallai ne ta zama shaidar cewa cuta na nan ba. Idan an daɗe ana danne ruwan tsami, jiki yakan ƙara fitar da wani sinadari mai suna gastirin, wanda yake zuga tumbi ya ƙara aiki. Ranar da aka janye magani farat ɗaya, sai tumbi ya kwararo da tsami fiye da yadda ya saba. A ƙasar Denmak an gwada wannan, aka buga sakamakon a 2009. An ɗauki mutum 120 lafiyayyu, waɗanda ba su da ciwon ƙwannafi. Rabinsu aka ba su esomeprazole na mako 8 sa'an nan aka janye, rabi aka ba su ƙwayar da babu magani a ciki. Bayan janyewar, kashi 44 cikin ɗari na waɗanda suka sha maganin suka yi kukan ƙwannafi ko ɓacin ciki, a ɗaya rukunin kuwa kashi 15 kacal. Ka ga ke nan janye maganin shi kansa yana haddasa zafin. Wannan zafi yakan lafa cikin 'yan makonni. Wanda bai san haka ba sai ya ruga kemis a kwana na uku, ya ƙara tabbatar wa kansa cewa shi da kapso mutu-ka-raba.

Saboda haka ba a dainawa rana ɗaya, kuma ba a farawa sai an ga likita. Akwai waɗanda bai kamata su daina ba sam: wanda ya taɓa aman jini ko baƙin bayan gida saboda olsa, wanda aka leƙa cikinsa da na'ura aka ga hanyar abinci ta ƙone ƙwarai ko fatarta ta sauya, da dattijon da yake shan asfirin ko maganin ciwon gaɓoɓi kullum bisa umarnin likita. Waɗannan maganin garkuwa ne gare su.

In likita ya yarda, ga yadda aka saba yi. Mai shan sau biyu a rana ya koma sau ɗaya. Mai shan miligiram 40 ya koma 20. A zauna a haka mako 2 zuwa 4. In an ji daidai, a koma shan yau a tsallake gobe, daga nan sai ranar da aka ji zafi kaɗai. A sha shi da safe, kamar rabin awa kafin karin kumallo, domin wanda ya sha bayan ya ƙoshi ya rage masa ƙarfi. Kada a tauna ƙananan ƙwayoyin da ke cikin kapson. A ranakun da zafi ya taso, a sha farin maganin nan na ruwa irin su Gestid, ko Gaviscon wanda yake yin kumfa a saman abinci ya tare tsamin. Mai shan maganin ƙarin jini ko ciprofloxacin ya sha su awa 2 kafin maganin ruwan, don yana hana su shiga jiki. Likita yana iya ƙara famotidine da dare. Amma ranitidine, wanda aka sani da Zantac, an janye shi daga kasuwannin ƙasashe da yawa a 2020 saboda wani gurɓataccen sinadari da aka samu a ciki. In an miƙo maka shi, ka mayar.

Duk wannan ba zai yi tasiri ba in ba a gyara zaman yau da kullum ba, gara ma a fara gyaran tun kafin a taɓa maganin. Babban abokin gabar mai ƙwannafi a garin nan shi ne cin dare. Mutum ya ci tuwo bayan lisha, ya fita majalisa, wajen ƙarfe goma sha ɗaya ya biya teburin mai shayi a bakin titin BUK ya ci indomi da ƙwai ya kora da shayi mai kauri, ya dawo ya miƙe a katifa. Wace tsoka ce za ta riƙe wannan? A bar awa 3 tsakanin loma ta ƙarshe da kwanciya. Haka ma ƙailula nan take bayan cin rana. A ɗaga ƙafafun gado na wajen kai da bulo ko katako, kamar santimita 15 zuwa 20. Mai kwana a ƙasa ya cusa wani abu ƙarƙashin katifa ta yadda za ta gangaro tun daga ƙirji. Tara matasan kai ba ya yi, wuya kawai yake lanƙwasawa.

Kwanciya a ɓangaren hagu tana rage tasowar tsami, saboda yadda tumbi yake zaune a jiki. Na san za a ce sunna ita ce a kwanta a dama. Ba a ce ka bari ba: ka fara da dama, ka yi addu'arka, in zafi ya dame ka ka juya hagu.

Game da abinci, ba na goyon bayan masu hana mutum komai har ya rame. Wani yaji ne yake tayar masa, wani maiƙo, kamar ƙosai da soyayyar doya da balangu mai kitse, wani goro ko kofi ko shayi mai na'a-na'a, wani lemon kwalba. Ka lura da naka na mako biyu, ka bar wanda ya kama ka, ka ci sauran. Mai tumbi ya rage ƙiba, wannan yana cikin abubuwan da aka fi tabbatar da amfaninsu. A sassauta zariyar wando da ɗaurin zane. Mai shan taba ya bari. Madara takan sanyaya na ɗan lokaci sa'an nan zafin ya dawo. Jiƙa kanwa a sha kuwa, ko da ta kwantar da zafin, gishiri ce, ba ta dace da mai hawan jini ko ciwon ƙoda ba.

Sai maganin ciwon jiki. Leburori da 'yan dako da masu tuƙa adaidaita sahu sukan sayi haɗi a kemis don gajiya, a ciki kuwa sau da yawa akwai diclofenac ko ibuprofen ko piroxicam. Waɗannan suna cin bangon tumbi. Shan su da dare ba da umarnin likita ba, a sha omeprazole da safe, aikin baban giwa ne. Wasu magungunan hawan jini, irin su nifedipine da amlodipine, su ma sukan sassauta tsokar bakin tumbi. Kada ka daina su da kanka, ka dai gaya wa likita.

Wanda da gaske olsa ce take damunsa, ya sani cewa tana warkewa. Yawancinta wata ƙwayar cuta ce take kawo ta, Helicobacter pylori, wadda likitoci biyu na Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano a 1982, har aka ba su kyautar Nobel a 2005. Tana da yawa a ƙasarmu. Ana gano ta ta gwajin bayan gida, a kashe ta da haɗin magunguna na kamar kwana 14. Amma sai an tsai da omeprazole mako 2 kafin gwajin, in ba haka ba sakamako yana iya nuna babu alhali akwai.

Da azumi, in sau ɗaya kake sha, ka sha kafin sahur. Ka sassauta soye-soye wajen buɗa-baki, kada kuma ka cika ciki da sahur ka koma barci da sallame Asuba. Wanda yake son fara rage magani, ya fi kyau ya fara bayan Sallah, ko ya gama tun kafin watan ya tsaya.

Akwai alamomin da ba a jiran ganin abin da rage magani zai yi. Abinci yana tsayawa a ƙirji in an haɗiya, ramewa ba dalili, aman jini, bayan gida baƙi ƙirin mai ɗoyi, yawan amai, ko ƙwannafin da ya fara sabo ga mutumin da ya haura shekara 50. Mai ɗaya daga cikin waɗannan ya tafi Asibitin Murtala ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, inda ake iya leƙa ciki da na'ura. In kuwa ciwon ƙirjin nauyi ne kamar an danne ka, yana tafiya kafaɗa ko hannun hagu ko muƙamuƙi, ga gumi da sarƙewar numfashi, to wannan yana iya zama zuciya. A nemi abin hawa a kai shi sashen gaggawa a wannan sa'ar, ko da tsakar dare ne.