Ciwon Faɗuwa Da Ƙagewar Ido: Bayani Ga Hakimai Da Malamansu

A cikin cututtukan da ke kama dattawa akwai wani ciwo da ba a cika gani ba, amma idan ya shiga gida yakan jawo zargi da ɓarnar dukiya tun kafin a gane ko mene ne. Likitoci suna taƙaita sunansa da haruffa uku, PSP. Ma'anar sunan kuwa ita ce shanyewa mai ƙaruwa sannu a hankali, wadda tushenta ke can cikin ƙwaƙwalwa, sama da jijiyoyin da ke juya ido. Likitoci uku na birnin Toronto a ƙasar Kanada, watau Steele da Richardson da Olszewski, su ne suka bayyana shi a rubuce cikin 1964, bayan sun bi lamarin majinyata tara. Kafin nan akan ɗauke shi a matsayin ciwon makyarkyata, wanda James Parkinson ya siffanta a Landan cikin 1817, gama su biyun suna da kama a farkon kamu.

Ƙidayar da aka yi a Turai ta nuna mutum 5 ko 6 ne ke da shi cikin kowane 100,000. Jama'ar Yawuri da Ngaski da Shanga sun haura 300,000 a ƙidayar 2006, amma galibinsu yara ne da matasa, shi kuwa ciwon ba ya kama wanda bai kai shekara 40 ba, ya fi yawa ga waɗanda suka ba 60 baya. Ashe ke nan hakimi yana iya gama zamaninsa bai ga fiye da mutum ɗaya ko biyu ba. Ƙarancin nasa ne ma ya sa ake ɓata wajen gane shi, kuma ƙarar takan iso gaban hakimi da wani suna dabam: sammu, ko maita, ko shan giya, ko taɓin hankali.

Alamun Farko

Alama ta fari ita ce faɗuwa. Dattijo wanda ya saba shiga kwalekwale a gaɓar Warra tun yana yaro sai a ga yana faɗuwa a kan tudu, ba tuntuɓe, ba jiri, ba suma. Galibi da baya yake faɗuwa, ya kife kamar an sare itace, bai ko kai hannu ya kāre kansa ba. Wannan kan faru cikin shekarar farko ko ta biyu. Har wa yau yakan miƙe zumbur daga zaune ba tare da lura ba, nan take ya koma da baya. Wuya da gadon baya sukan sandare fiye da hannu da ƙafa, har kan ya riƙa ɗagewa sama.

Alama ta biyu ita ce mafi muhimmanci, ita ce kuma ake fassarawa a karkace. Idon majinyaci yana gani sarai, amma ya kasa juya shi sama da ƙasa, musamman ƙasa. Da fari nauyi kawai juyawar ke yi, daga baya ta ƙage. To, a duba yadda zaman ƙasar nan yake. A ƙasa ake ajiye akushi, a ƙasa ake shimfiɗa tabarma, mai gaisuwa kuma durƙusawa yake yi. Saboda haka mai wannan ciwo sai ya riƙa zubar da miya a gaban rigarsa, ya taka buta bai gan ta ba, ya kasa bin layi idan ya buɗe littafi, ko da ya canza tabarau sau uku. Idan kuwa dagaci ne ko mai unguwa, talaka ya durƙusa gabansa, shi kuma idonsa na can sama da kan mai gaisuwar, a buɗe war ba ƙiftawa, fuska a ɗaure. Ba a jimawa sai maganar ta kai fada cewa wane ya yi girman kai, ya raina talakawa. Ya kamata hakimi ya tsaya ya bincika kafin ya karɓi irin wannan ƙara a kan dattijon da aka san shi da fara'a shekara da shekaru.

Sauran alamun suna biyo baya. Murya takan yi nauyi, magana ta riƙa jan ƙafa kamar ta mashayi. Ruwa yakan sarƙe shi, ya yi ta tari wajen cin abinci. Halinsa yakan canza, ya daina kula da gona ko taru ko hirar ƙofar gida, wani lokaci ya fashe da dariya ko kuka ba dalili.

Yadda Ake Rarrabe Shi

Shanyewar ɓarin jiki farat ɗaya take zuwa, a kwana lafiya a tashi hannu da ƙafa sun mutu. Wannan kuwa a hankali yake shigowa, iyali ma ba sa iya faɗin ranar da ya soma, kuma yana taɓa dama da hagu daidai wa daida.

Ciwon makyarkyata na Parkinson daga gefe ɗaya yakan fara, hannu na rawa ko ana zaune, mai shi yana tafiya a sunkuye, faɗuwa kuwa sai bayan shekaru. Mai PSP a miƙe yake tafiya, hannunsa bai cika rawa ba, ga faɗuwa tun da wuri. Akwai kuma wani bambanci da likita ke dogara da shi ƙwarai. Maganin da ake kira lebodofa yakan sassauta wa mai makyarkyata a fili, amma mai PSP ɗan sauƙin da zai samu kaɗan ne, kuma ba ya daɗewa.

Mutanen bakin Tafkin Kainji sun daɗe da sanin makantar da ƙudan kogi ke kawowa, sun san yanar ido da amosanin ido, don haka duk wani kukan ido can ake kai shi. Amma waɗannan gani suke dushewa. Idan aka ɗaga kuɗi daidai fuskar mai PSP zai faɗi ko nawa ne, idan aka sauke su zuwa ƙirjinsa sai ya neme su ya rasa.

Likita yana da gwaji mai sauƙi a kan wannan. Zai ce majinyaci ya bi yatsa da ido, sama da ƙasa, ba tare da motsa kai ba, sai ido ya ƙi. Sa'an nan ya sa shi ya kafa ido a wuri ɗaya, ya kama kansa ya ɗaga a hankali, sai ga ido ya sauka da kansa. Watau doki lafiyarsa lau, linzami ne ya tsinke tsakaninsa da mahayi. Wani gwajin kuma shi ne a ce ya tafa hannu sau uku kacal, sai ya zarce ya kasa tsayawa. Abin da ke haddasa ɓarnar wani sinadari ne mai suna tau, wanda ke dunƙulewa cikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa har su mutu, musamman a tsakiyar ƙwaƙwalwa inda ake sarrafa ido da daidaiton tsayuwa. Hoton ƙwaƙwalwa na na'urar MRI yakan nuna wurin ya motse. Babu gwajin jini da ke tabbatar da shi. Da labarin ciwo da duban likita ake yanke magana, bisa ƙa'idodin da ƙungiyar likitocin wannan fanni ta duniya ta sabunta cikin 2017.

Aikin Malamin Hakimi

Tun da labarin ciwo shi ne rabin ganewa, takardar da malamin hakimi zai rubuta tana da daraja ƙwarai. Sau da yawa akan kai tsoho asibiti tare da jikan da bai san kome ba sai faɗuwar jiya. Sai malami ya zauna da matar majinyaci ko babban ɗansa, ya rubuta shekarunsa, da lokacin da faɗuwa ta fara (idan ba a tuna wata ba a auna da damina ko azumi ko babbar salla), da gaba yake faɗuwa ko da baya, yaushe aka lura da ido, yaushe magana ta canza, yana sarƙewa ko ba ya yi. Lalle ne kuma a tattara duk magungunan da yake sha a tafi da su cikin kwalayensu, domin wasu magungunan taɓin hankali da na hana amai suna sandarar da jiki, idan aka dakatar da su bisa umurnin likita sai a warware. Taruwar ruwa cikin ƙwaƙwalwa ita ma tana kawo faɗuwa ga tsofaffi, ita kuwa ana yi mata aiki. Saboda waɗannan masu magani ne bai kamata a zauna gida a ce tsufa ne kawai ba. A fara da asibitin Warra ko na Yelwa, daga nan a nemi takardar turawa zuwa Birnin Kebbi ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, inda ake samun likitocin jijiya.

Idan An Tabbatar

Wajibi ne a gaya wa iyali gaskiya. Har yanzu ba a sami maganin da ke warkar da shi ko tsayar da shi ba, kuma galibi mai shi yakan rayu shekara 6 zuwa 9 daga farkon alamu. Ba ya yaɗuwa, ana iya cin abinci kwano ɗaya da mai shi, da wuya kuma a gaje shi. Ba hannun kishiya a ciki, ba na maƙwabci. Hakimin da ya faɗi wannan a bainar jama'a ya kashe wata fitina, ya kuma hana a sayar da saniya ko injin jirgi a kai wa mai alkawarin waraka.

Abu biyu ne suka fi kashe masu wannan ciwo, rauni daga faɗuwa, da ciwon huhu idan abinci ya bi hanyar numfashi. Saboda haka a zaunar da shi a miƙe wajen ci, a ɗora kwano bisa turmi ko teburi daidai idonsa, a ba shi abinci mai laushi loma ƙanana. Kunu mai kauri ya fi ruwa tsinkakke sauƙin haɗiya. A kwashe tarkace daga hanyarsa, a nisanta shi da murhu da bakin rijiya, mai rakiya kuma ya tsaya ta bayansa, tun da can yake faɗuwa. Ya yi salla a zaune. Kada a bar shi ya je gaɓa shi kaɗai, idan kuwa tafiya asibiti ta kama a ƙetare tafki, a zaunar da shi a tsakiyar jirgi da rigar kariya, mutum ɗaya na riƙe da shi.

Akwai wani abu da ya shafi ofishin hakimi kai tsaye. Mai PSP yakan san mutanensa, yana kuma fahimtar abin da ake faɗa har ciwo ya yi nisa, amsa ce kawai ke jinkiri. Idan aka kira shi shaida a kan iyakar gona ko mashigin su, a yi masa tambaya ɗaya a jira, kada wani ya amsa a madadinsa. Wasiyya da bayanin basussuka da na amanar da ke hannunsa kuwa a rubuta su da wuri gaban shaidu, tun harshe bai yi nauyi ba.