Ko ratsewa Gwandu ta cancanci kuɗin mota?

Mai tasowa daga Dangoma ko Kalgo da nufin ganin inda Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna, ya fara sanin abin da zai tarar. A Turai akwai gidajen tarihin marubuta inda ake latsa allo a ji muryar mai waƙa. Na Gwandu hubbare ne, wurin ziyara da addu'a. Wanda ya je neman na'ura zai dawo yana ƙunƙuni.

Amma tafiyar tana biyan bukata in an yi shiri. Ka fara leƙa littafin Tazyinul Waraƙat, inda Malam ya tara waƙoƙinsa na Larabci haɗe da labarin jihadin da aka fara a 1804, ko Liya'ul Hukkami da ya rubuta a Kano kan yadda ake mulki. In Larabcin ya yi maka nauyi, tafi da malamin da zai warware maka. A ganina, bakin malami mai amsa tambaya ya fi kowane allo, balle ga yaran makaranta.

Ka yi sammako, ka tambayi direbobin tasha halin hanya. Sa tufafin mutunci, kuma kada ka ɗauki hoto sai da izini.

In kuwa tsofaffin takardun hannu kake son gani, kada ka tsaya a nan. Wuce Sakkwato, Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu, ka ware mata yini guda.