Darasi: Ƴaƴanmu da Karatun Asalin Halitta a Lakkol

 

Ya ku ƴan'uwa Musulmi, wani magidanci ya same mu bayan sallar Isha'i ransa a ɓace. Ɗansa yana ajin ƙarshe, bana zai zauna jarrabawar bak. Uban ya buɗa littafin yaron na ilimin halittu, sai ya ga hotunan ƙoƙunan kai a jere, yaron kuma ya gaya masa darasin asalin mutum ne. Ya ce da mu: "Malam, in fitar da shi daga lakkol ɗin, ko in zuba ido a rushe masa imani?" Da yake ba shi kaɗai ne ke cikin wannan damuwa ba, muka ga ya dace amsar ta zama darasinmu na wannan fitowa.

Na farko: mene ne abin da ake koyarwa?

A shekarar 1859 wani Baturen Ingila mai suna Charles Darwin ya fitar da littafi kan asalin jinsunan halittu. Ra'ayin da ya zo da shi, wanda malaman Larabci suka kira annushu'u wal'irtiƙa'u, mu kuma muke ce masa juyin halitta, ga shi a taƙaice. Ƴaƴan kowace halitta suna bambanta da juna. Waɗanda siffarsu ta fi dacewa da wurin zamansu su suka fi rayuwa da hayayyafa, sai siffar ta yaɗu cikin zuriya. Idan zamani ya yi tsawo ƙwarai, sai a samu sabon jinsi. A 1871 ya fitar da wani littafin, inda ya shigar da mutum cikin wannan lissafi. Mu lura, masu wannan ilimi ba su ce birin da muke gani a daji shi ya haifi mutum ba. Cewa suka yi mutum da manyan birai sun haɗa kaka a can zamanin da ya shuɗe. Adalci ya wajaba ko a kan wanda muka saɓa da shi, saboda haka mu faɗi maganarsu yadda take. Kuma mu sani mafi yawan masana halittu a duniya, har da Musulmi da yawa a cikinsu, a kan wannan ra'ayi suke aiki.

Na biyu: ina rigimar ta samo asali?

Gardamar ko za a koyar da wannan a makaranta ko a hana, a Amurka ta fi zafi. A 1925 jihar Tennessee ta kafa dokar hana koyar da shi. A shekarar aka gurfanar da wani malamin makaranta, John Scopes, a garin Dayton, aka ci shi tarar dalar Amurka 100. Ba a soke dokar ba sai 1967. A 1968 Kotun Ƙolin Amurka ta rushe irin wannan doka ta jihar Arkansas. Sai masu adawa suka sake dabara, suka nemi a riƙa koyar da labarin halitta na Baibul kafaɗa da kafaɗa da ra'ayin Darwin. A 1987 kotun ta hana haka a shari'ar jihar Louisiana. A 2005 ma wata kotun tarayya ta yanke irin wannan hukunci a kan makarantun garin Dover. Hujjar alƙalan ita ce tsarin mulkin ƙasarsu ya hana gwamnati ɗaukar wani addini ta cusa a makarantunta.

Abin da ya kamata mu gane shi ne, da yawa daga masu wannan yaƙi suna kare wani lissafi ne da ke cewa shekarun duniya ba su fi dubbai kaɗan ba. Wani babban limamin Kirista na ƙasar Ireland, James Ussher, shi ya ƙirga a 1650 cewa an yi halitta shekara 4004 kafin haihuwar Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi. Alƙur'ani mai girma bai ɗora mana wannan adadi ba. Ya ambaci kwana shida na halitta, amma a Suratul Hajji ya nuna mana yinin da ya kai shekara dubu, a Suratul Ma'ariji kuma wanda ya kai dubu hamsin. Ashe ke nan yini a wurin Allah ba lalle ne ya zama irin namu ba. Wanda ya kwaso hujjojin mutanen Amurka ya kawo masallaci, ya ari rigar da ba a ɗinka dominsa ba, kayan aro kuwa ba ya rufe katara.

Na uku: me malamanmu suka ce?

Malaman Musulunci ba su yi shiru ba tun farko. Sayyid Jamaluddin al-Afgani ya soki ra'ayin Darwin a 1881, cikin raddinsa ga masu cewa babu komi sai abin da ido ke gani. Shaihu Husaini al-Jisr na birnin Ɗarabulus ta Lubnan, a littafinsa Arrisalatul Hamidiyya na 1888, ya bi wata hanyar. Shi a lokacinsa bai ga hujjar ta kai matsayin yaƙini ba, amma ya nuna ko da ta tabbata, ba za ta rushe imani da Mahalicci ba, domin Allah mai iko ne ya halitta abu nan take, ko ya halitta shi daki-daki. Daga maganganun malamai muna iya kasa al'amarin kashi uku.

Kashi na ɗaya shi ne abin da ake gani da ido. Manomi yana ware zangarniyar gero mafi kyau don iri, makiyayi yana zaɓen bunsuru, har aka san jar akuyar Maraɗi da shanun Azawak da siffofinsu. Nibakin da iyayenmu suka sha yana kashe zazzaɓin cizon sauro, yau an bar aiki da shi a ƙasashenmu, saboda ƙwayoyin cutar da suka jure masa su suka hayayyafa. A Gadufawa, cikin jihar Agadas, an tono ƙasusuwan manyan dabbobin da aka ƙiyasta sun haura shekara miliyan 100, kuma wanda ya je gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai zai ga irinsu. Musun wannan ba ya ƙara wa addini komi. Suratul Ankabut ma umartarmu ta yi da mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba yadda halitta ta fara.

Kashi na biyu shi ne asalin ɗan Adam. Masana suna da ƙasusuwa da binciken ƙwayoyin gado da suke kafa hujja da su. A 2001 an tsinci wani ƙoƙon kai a hamadar Jurab ta maƙwabciyarmu Cadi, aka sa masa suna Tumai, aka ƙiyasta masa kusan shekara miliyan 7, ko da yake su kansu suna jayayya kan matsayinsa. Mu kuwa aƙidar da jamhurin malamai suke a kai ita ce, Allah ya halicci Annabi Adamu daga ƙasa, ba uwa ba uba, ya busa masa rai, ya girmama shi. Suratu Ali Imrana ta kamanta halittarsa da ta Annabi Isa. Wannan labarin gaibu ne da muka karɓa ta hanyar wahayi, kuma mu'ujiza ba a auna ta da ma'aunin ɗakin bincike. Waɗancan ƙasusuwa halittun Allah ne da suka gabata, ba mu musun samuwarsu, ba mu kuma yanke abin da nassi bai yanke ba a kansu.

Kashi na uku shi ne a ce tun da an gano yadda abu ke gudana, to babu mai gudanar da shi. Wannan ya fita daga kimiyya ya shiga aƙida, kuma shi ne muke ƙi ba tare da sassauci ba. Likitan da ya san yadda ɗa ke girma a mahaifa mako-mako bai kore Mahaliccin ɗan ba, sai dai ya ƙara ganin hikimarsa.

Na huɗu: abin da ya rataya a wuyanmu

Ga amsar da muka ba ɗan'uwanmu, muna kuma ba kowane uba irinta. Kada ka fitar da ɗanka. Ƙasarmu tana neman likitoci da ungozomomi da masanan noma masu tsoron Allah, kuma babu mai kai wa can sai ya bi ta wannan darasi. Yaro ya karanta shi da kyau, ya amsa jarrabawa da abin da masana suka faɗa, domin kawo maganar wani ba ƙudurta ta ba ne. Kada mu kafirta mushen da ke karantarwa, aikin da aka ba shi yake yi, watakila ma yana sahu ɗaya da mu a masallaci. Idan wani malami ya ƙetare darasi ya shiga yi wa addini izgili, iyaye su je wurin shugaban makaranta cikin ladabi su yi magana.

Babban nauyin kuwa namu ne. Koyar da tauhidi aikin gida ne da makarantar allo da Islamiyya. Yaron da ya zo da tambaya aka daka masa tsawa, ba zai daina tambaya ba, wurin wani zai kai ta. Wanda kuma aka gaya masa ƙasusuwan nan ƙarya ne, ranar da ya gan su da idonsa zai fara shakkar sauran abin da muka koya masa. Saboda haka muna kira ga limamai da malaman Islamiyya su zauna da ɗalibanmu masu karatun kimiyya, kowa ya ji daga ɗan'uwansa, kuma wanda bai san amsa ba kada ya ji kunyar cewa Allah ne masani.

Allah ya shiryi zuriyarmu, ya ba su ilimi mai amfani, ya tabbatar da mu da su a kan imani har ƙarshen rayuwa. Amin.