Darasi bisa kwarkwaron bindigar mashi: igiya ta riƙe kihi, kada ta riƙe mutum

Ƴan uwa makiyaya da masunta, darasinmu na wannan karo ya shahi su, amma wani irin su ne da ba mu saba gani ba a gulbi da tabkunanmu: su na nutso da bindigar mashi, irin wanda ake yi a teku. Samarinmu masu zuwa bida biranen bakin teku sukan ci karo da kayan nan a hannun masunta, har wani shi yi sha'awar gwadawa. Don haka ya kamata mu san yadda abin shike, musamman wani ɗan ƙaramin kaya da ake ɗaurawa ƙarƙashin bindigar, wato kwarkwaron igiya, wanda Faransawa ke ce ma muline. Abu guda muke so kowa shi riƙe: aikin kwarkwaro shi ne shi ba mai nutso damar hitowa shi sha iska ba tare da ya rasa kihinshi ba. In ya hana shi hitowa, to ya zama abin kashe mai shi.

1. Mi ce ce bindigar mashi?

Ba ta aiki da albarushi. Iri biyu ce: mai roba, wadda ake ja ma roba har a saƙala ta jikin mashi, da mai matsattsiyar iska cikin bututu. Mai roba ta hi yawa. Tsawonta yakan kama daga santimetir 75 zuwa 130. Mashinta na ƙarhe ne maras tsatsa, kaurinshi milimetir 6 zuwa 8, da kunne kusa da tsini don kada kihi shi zare. In an taɓa kunama, mashi shi hita, amma ruwa na cin ƙarhinshi da sauri: bayan metir 4 ko 5 ba shi huda komi. Wata gajeruwar igiya ta nailan ita ke haɗa mashi da bindiga.

Sana'ar ta bunƙasa a gaɓar Bahar Rum ta ƙasar Faransa daga shekarun 1930. Wani mutumen Marsey, Georges Beuchat, ya hitar da bindiga mai roba da anka sani da suna Tarzan a shekara 1947. Kusa da mu, a Senegal, masuntan Ngor da Wakam na birnin Dakar suna nutso da ita wajen duwatsun teku, suna neman kihwaye irin su cof, wanda Faransawa ke kira meru.

2. Matsalar da kwarkwaro ya zo warwarewa

Mai wannan su da numhwashi guda shike nutsawa, minti 1 ko 2, ba shi da tulun iska a baya. Ku lura da abin da ke hwaruwa a jikinshi. A zurhin metir 10, ruwa na matse iskar huhu ta koma rabi. A metir 20 ta koma kashi ɗaya cikin uku. Saboda wannan matsi, iskar oksijan na shiga jini da sauƙi, mutum shi ji kamar lahiya lau shike, alhali shina cinye guzurinshi. Sa'ad da ya kama hanyar sama, huhu ya buɗe, ƙarhin oksijan ɗin ya hwaɗi gaba ɗaya. Shi ya sa mahi yawan suma ke samun mai nutso cikin metir 10 na ƙarshe, ko daidai lokacin da kanshi ya hito. Suman nan ba ta sallama. Kuma ƙwaƙwalwa in ta rasa iska minti 4 zuwa 6, ta hwara lalacewa.

To, a ce ya harbi kihi mai kilo 8 a zurhin metir 15, kihin ya ruga cikin kogon dutse da mashi a jikinshi. In babu kwarkwaro, hanya biyu ta rage mishi: ko shi saki bindiga, ko shi tsaya kokowa da kihi a ƙasa. Kokowar nan ita ke ƙone sauran iskar da zai hito da ita. In da kwarkwaro, sai igiya ta yi ta warwarewa, shi taso sama da bindigarshi a hannu, shi huta, shi sake komawa da sabon numhwashi.

3. Dabarar ba baƙuwa ba ce gare mu

Sarkawan kogin Isa sun san wannan tun kaka da kakanni. Mashinsu na dorina, wanda da Zabarmanci ake kira zogu, shina da igiya da wani itace maras nauyi mai tasowa bisa ruwa. In anka soki dabba, ba a riƙe ta da hannu: a bar ta ta tahi da igiya, itacen na nuna inda take, har ta gaji. Jean Rouch ya ɗauki siniman wannan hwarauta a yankin Ayoru wajen shekara 1951. Yau doka ta kare dorina da ayu a Nijar, amma hikimar na nan.

Makiyayi ma ya san ta. Wanda ya zarga ma bijimi igiya ba shi naɗa ta a wuyan hannu. Shina sassautawa, shina ja, har bijimin shi sare. A bakin rijiya mai zurhi kuma, inda sa ko raƙumi ke jan wasaki, ba a tsayawa cikin igiyar da ke zube ƙasa. Dokokin kwarkwaro ke nan, sai dai su cikin ruwa ake bin su.

4. Yadda ake shirya shi

Kwarkwaron wani ɗan gargare ne na roba mai tauri ko na alminiyam, ana ɗaure shi ƙarƙashin bindiga, gaban kunama kaɗan. Shina da hannun naɗi da kuma birki, wato ƙusar da ake murɗawa don a tsananta ko a sassauta hitar igiya. Waɗanda anka hi amhwani da su suna ɗaukar igiya metir 30 zuwa 50. Manya har metir 100. Igiyar da anka hi so ita ce Dyneema, mai kaurin milimetir 1,5 zuwa 2. Siririya ce, amma tana ɗaukar nauyin da ya wuce kilo 150. Ku gane ma'anar wannan: ba mutumen da zai tsinka ta da ƙarhin hannu.

Ga ƙa'idodin shiri:

a) A zaɓi tsawon igiya da ya kai ninki biyu na zurhin da ake nutso, ko hiye. Mai aiki a metir 15 ba shi kamata shi yi ƙasa da metir 30 ba, don kihi ba tsaye shike gudu ba, a karkace shike tahiya.

b) A naɗa igiya da tauri, ana kai ta dama da hagu. In an naɗa ta sako-sako, ranar da kihi ya hizga, zaren sama shi nutse cikin na ƙasa, kwarkwaro shi cije.

c) Kada a cika shi maƙil. A bar ɗan hili a baki, kamar kaurin ƙwarar gero biyu ko uku, don kada igiya ta zubo ta shiga tsakanin gargare da gindinshi.

d) Igiya ta bi ta zoben da ke bakin bindiga kahin a ƙulla ta da ta mashi. A binciki ƙullin kowace rana.

e) A daidaita birki tun a tudu. Gwajin mai sauƙi ne: in ka girgiza bindiga, kada igiya ta zube da kanta, in ka ja da hannu guda, ta hito ba gardama. Birkin da ya yi tsauri, kihi zai ja ka da bindigar. Wanda ya yi sako-sako, gargare zai hi igiya gudu, ta cukurkuɗe kamar sheƙar tsuntsu.

5. Bayan harbi

Na ɗaya: da mashi ya shiga, kama hanyar sama. Kada ka bi kihi, kada ka tsaya kallo. In birki ya yi tauri, sassauta shi kana tasowa.

Na biyu: nesanta bindiga da jikinka, bakinta na duban ƙasa, don igiya ta wuce nesa da ƙahwahunka da ɗamararka.

Na uku: in ka hito, yi numhwashi tukuna. Kihi na iya jira.

Na huɗu: da hannu ake jawo kihi, ba da kwarkwaro ba. Wannan ba irin na sandar ƙugiya ba ne. Ma'ajin igiya ne kawai. A sa sahwar hannu, don igiyar na yanka tahin hannu kamar reza. In kihi ya hizga, a sakar mishi. In ya lahwa, a ja. Jan ƙarhi na yaga naman kihi, mashi shi zare, a yi asarar kihin, shi kuma shi je shi mutu a banza.

Na biyar: kana ja kana iyo gaba, kana huskantar inda ruwa ke hitowa, don igiyar da ka tara ta bi ruwa ta koma bayanka. Kada ka tara ta gabanka, kada ka naɗa ta a hannu ko yatsa, ko sau ɗaya.

Na shida: in kihi ya iso, a kama shi ta maƙogwaro, a soke shi da wuƙa a ƙwaƙwalwa, bayan idanu kaɗan. Sai ya daina motsi sannan a naɗe igiya. Babban kihi mai sauran rai na iya zagaye mutum da igiya shi nutsa da shi.

In kihin ya maƙale cikin kogo, a ɗan ɗaure birki don igiya ta miƙe, ita za ta nuna hanya. A huta aƙalla ninki biyu na lokacin da anka yi a ƙasa kahin a koma.

6. Hatsarori uku da maganinsu

Kwarkwaro ya cije kana ƙasa. Magani guda ne: saki bindiga. Kada ka tsaya gyara. Kuma don wannan ne ba a ɗaure bindiga a hannu ko a ɗamara. Bindiga ana sayen wata. In da rai da rabo.

Igiya ta ƙare, kihi bai gaji ba. In kana sama, riƙe ka bi shi da iyo. In ya hwara nutsar da kai, saki.

Igiya ta naɗe ka. Nan wuƙa ce ceto. Ta kasance mai kaihi, mai haƙora kamar zarto, don Dyneema na da wuyar yanka, kuma a rataye ta inda kowane hannu ke kai wa. In nauyi ya hana ka tasowa, kwance ɗamarar dalma ka yar.

Bisa duka waɗannan akwai doka babba: ba a nutso mutum ɗaya. Ɗaya a ƙasa, ɗaya a sama shina kallonshi, kuma shi ci gaba da kallonshi daƙiƙa 30 bayan ya hito. In ya suma, a tallabe huskarshi bisa ruwa, a cire mishi gilashin ido, a hura mishi iska a huska ana kiran sunanshi. In bai numhwasa ba, a hura mishi baki da baki, a nemi likita. Haka nan a bar al'adar jan numhwashi da sauri-sauri kahin nutso: ba ta ƙara guzurin iska, sai dai ta kashe ƙararrawar da ke gaya ma mutum lokacin tasowa ya yi.

7. Kwarkwaro ko gora?

Akwai wata hanya: a haɗa bindiga, ko mashin kanshi, da doguwar igiya mai zuwa ga goran roba da ke bisa ruwa, kamar dai zogun Sarkawa. In an harba, sai a saki komi, gora shi yi kokowa da kihi. Ga manyan kihwayen tsakiyar teku, irin su ton mai kilo 30 ko hiye, gora ya hi dacewa, don irinsu na iya zare metir 50 cikin ƴan daƙiƙu. Gora kuma na nuna ma masu jirgin inji cewa akwai mutum a wurin. Sabon shiga, da gora ya kamata shi hwara.

Kwarkwaro na da amhwani wajen duwatsu, koguna da ciyawar teku, inda doguwar igiya ke saƙalewa, kuma ga kihi matsakaici. Ko da shi, a kahwa gora mai tuta kusa da wurin aiki. In an gama, a wanke shi da ruwan daɗi, a sassauta birki, a shanya a inuwa, don gishiri da yashi su ke sa shi cijewa.

8. Doka, da ruwayenmu na gida

Kowace ƙasa da dokarta. A Faransa, an hana wannan su ga wanda bai kai shekara 16 ba, an hana shi da dare, an hana haɗa shi da tulun iska, kuma ba a riƙe bindiga a ɗane a wajen ruwa. Tun 1993 an hana harbin baƙin meru a gaɓarsu ta Bahar Rum saboda ya yi ƙaranci. Wanda ke baƙunci a wata ƙasa shi tambaya kahin shi shiga ruwa.

A gida kuwa, ruwan kogin Isa, na Madarumfa da na Tabalak gurɓatacce ne mahi yawan shekara. Mutum ba shi ganin abin da ke gabanshi sosai. Wanda ba shi ganin abin da zai harba na iya harbin ɗan uwanshi, kuma ga tarun mutane, ga kututturan itace da igiya za ta saƙale, ga dorina da kada a wasu wurare, ga cutar tsargiya. Duk mai son shigo da sabon kayan su, shi hwara zuwa wajen ma'aikatan gandun daji da sarkin ruwa na wurin. Iya ruwa, hidda kai.

Tambayoyi don tattaunawa a ƙungiya

1. Don mi suma ta hi samun mai nutso kusa da sama, ba a ƙasa ba?
2. Ƙaƙa ake gane birki ya daidaita?
3. In kwarkwaro ya cije a zurhin metir 15, mi za a yi?
4. Wane aiki na kiwo ko na rijiya ke da irin wannan hatsari na igiya a garinku, kuma ƙaƙa kuke koya ma yara kauce mishi?