Daɓen Ɗaki da Yadda Ake Kula da Shi

Jama'a, karatunmu na yau a kan abin da muke takawa ne. Kowa ya dubi inda yake zaune. Wani a kan daɓe yake, wani a kan siminti, wani kuwa rairayi ne a ƙarƙashin tabarmarsa. Mukan gyara jinka don kada ta yi yoyo. Mukan yaɓe bango kafin damina. Amma ƙasan ɗaki sau da yawa ba mu tunawa da shi, sai ran da za a kawo amarya.

To, wa ya fi kowa zama a ƙasa? Yaro mai rarrafe. Ba ya hawa gado, ba ya zama a kujera. Tafin hannunsa a ƙasa, gwiwarsa a ƙasa. In ya tsinci abu, sai baki. In ƙosai ya faɗi, ya ɗauka ya ci. Abin da ke ƙasan ɗakinmu, ƙarshensa cikin yaron nan zai shiga.

Akwai abin da ido ke gani, akwai wanda sai da madubin likita. Tsutsar ciki takan yi ƙwai a cikin hanjin mutum. Akwai iri guda wadda macenta takan saki ƙwai wajen 200,000 a rana ɗaya. Ƙwan yakan fita tare da bayan gida, ya zauna cikin ƙasa, ya daɗe bai mutu ba. Takalmi ya kwaso shi, ƙafar kaza ta kwaso shi, ya shigo ɗaki. Kashin kaji shi ma yana ɗauke da ƙwayoyin cuta masu sa gudawa. In ƙasan ɗaki ya farfashe ya zama gari, ba tsintsiyar da za ta raba ƙazanta da ƙasa, domin sun riga sun cuɗe.

An gwada wannan magana a wata ƙasa mai nisa da ake kira Meziko. A shekara ta 2000 hukumar wata jiha tasu, Kowawila, ta fara zuba wa talakawa siminti a ɗakunansu na ƙasa. Daga baya masana suka bi gida gida suna duba yara, suka buga abin da suka samu a 2009. Lissafinsu ya nuna in aka rufe ƙasan gida duka da siminti, gudawar yara takan ragu kusan rabi, tsutsar ciki kuwa raguwarta ta fi haka. Ba magani aka sa a cikin simintin ba. Abin da ya faru shi ne ƙasa ta yi tauri, ta yi sumul, ta sharu, ta wanku.

Ba kowa ke da kuɗin siminti ba, mun sani. Amma muna da daɓe, tun kaka da kakanni. Daɓe mai kyau bai kai siminti wankuwa ba, sai dai tsakaninsa da ɗaki mai ƙura akwai tafiya mai nisa.

Ga yadda ake yinsa. Da rani ake daɓe, lokacin da ƙasa ta bushe, aikin gona kuma ya yi sauƙi. A fitar da kaya duka. A kankare tsohon daɓe, a nemi ramin ɓera da hanyar gara a toshe su da duwatsu. Sa'an nan a kawo burji, watau ƙananan tsakuwar nan ja ta marmara. A tsince ciyawa da kara da ke ciki, gama su ne abincin gara. A baza shi ko'ina daidai. Abu guda kada a manta: ƙasan ɗaki ya fi tsakar gida tudu, dokin ƙofa kuma ya yi tsawo. In ɗaki ya fi tsakar gida kwari, ran da aka yi ruwan farko a ciki zai kwana. Tun ran gini, tun ran zane.

Bayan an baza, sai a yayyafa ruwa, mata su shiga da madaɓi. Aikin nan ba na mutum ɗaya ba ne. Uwargida takan gayyaci maƙwabta, a dafa abinci, a jeru ana bugu ana waƙa, hannu yana sauka tare. Wanda bai sani ba sai ya ce wasa ake yi. Ba wasa ba ne. Waƙar ce ke daidaita bugun, ita ce kuma ke hana a ji gajiya. Daga ƙuryar ɗaki ake farawa, a riƙa ja da baya har a fito ƙofa.

Inda mutane suka fi yin kuskure shi ne gaggawa. A yi bugu yini ɗaya, gobe a mai da gado. A'a. Ƙasa in tana bushewa takan tsattsage. Sai a dawo kashegari a yayyafa ruwa kaɗan, a sake bugu, tsagar ta haɗe. Jibi ma haka, har a ga ta daina tsagewa, madaɓi kuma yana ƙara in ya sauka.

Sa'an nan sai makuba. Mun san ɗorawa. In an ciri garinta da kalwarta, ɓawon da ya rage shi ne makuba. Akan daka shi, a jiƙa a ruwa, ruwan ya yi ja ya yi duhu. Shi ake yayyafawa a bugun ƙarshe. Inda ba ɗorawa akan jiƙa bagaruwa, irin wadda majema ke jima da ita. Abin da ke cikin ruwan nan mai bauri, shi ke kama ƙasa ya ɗaure ta, ruwa kuma ba ya saurin ratsa ta. Daɓen da ya sha makuba sosai za ku gan shi ja wur, yana sheƙi. Saboda haka in an fafe ɗorawa bana, kada a bar ɓawon a bola. A ɗaure shi a ajiye a rumbu.

To, an yi daɓe. Yaya za a yi ya daɗe?

Abu uku ke kashe shi: ruwa mai yawa, da tsintsiya mai kaushi, da bugu. Kada a kwara masa ruwa kamar ana wanke siminti. In za a yi shara, a tsoma hannu a ƙwarya a yayyafa kaɗan, don ƙura ta kwanta. A share da tsintsiya mai laushi. Tsintsiyar kwakwa ta tsakar gida ce, in ta shiga ɗaki kankare fuskar daɓe take yi kullum kaɗan kaɗan. Turmi kuwa wurinsa waje. Ƙafar gadon ƙarfe takan huda daɓe, sai a sa mata ɗan katako ko fallen dutse. Randa ma tana tsatsafo, gindinta kullum a jiƙe. A ɗora ta a kan dutse, kada ta zauna a kan daɓe kai tsaye.

In yaro ya yi fitsari, a zuba toka ta tsotse, a kwashe. In kashi ne, a kwashe shi nan da nan a kai masai, a zuba toka a wurin, a wanke hannu da sabulu. Wasu suna cewa kashin jariri ba ƙazanta ba ne. Wannan magana ba gaskiya ba ce. Ƙwayoyin cutar da ke cikin na babba suna cikin na yaro.

Tsofaffi sun ce ba a shara da dare. Ba mu zo yin gardama da iyayenmu ba. Mu dai a yi ta da safe, a kuma sake kafin magariba, shi ke nan kowa ya huta. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne a tara shara a bayan ƙofa a ce sai gobe. Wannan tuwon ɓera ne aka ajiye masa. Ɓera kuwa ba ɓarnar hatsi kaɗai yake yi ba. Akwai zazzaɓi mai tsanani da ake ɗauka daga fitsari da kashin wani irin ɓera. An fara gane shi a 1969 a garin Lassa, cikin ƙasar Borno, shi ya sa ake ce masa zazzaɓin Lassa. In kun ga kashin ɓera a bayan buhu, kada ku share shi a bushe ƙura ta tashi ku shaƙa. Ku jiƙa wurin tukuna, da ruwan bilic in akwai, ku kwashe ba da tsirarar hannu ba, ku toshe ramin.

In daɓe ya fara rami, a gyara tun yana kamar tafin hannu. A ɗan faɗaɗa bakinsa, a jiƙa, a cika da burji, a buga, a ba shi makuba. Aikin rabin yini ne. In aka bari, ƙuma ta sami wurin ƙwai, kuɗin cizo da kunama su sami maɓoya, baɗi kuma sai an sake ɗakin duka.

Yanzu sai siminti. A nan muna da labari, kuma a kanmu ya faru. Wata shekara muka yi karo-karo don a zuba siminti a zauren da muke karatu. Muka kira magini. Don siminti ya isa, ya cika masa yashi. Ya gama da la'asar, ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Mu kuma muka buɗe ƙofa da taga don iska ta busar da shi da wuri, kwana 2 muka shimfiɗa tabarmi. Kafin damina ta fita, in an yi shara sai a kwashe yashi cike da ƙwarya. Muka yi ta zagin magini. Daga baya muka gane rabin laifin namu ne.

Ga dalili. Siminti ba kamar laka ba ne. Laka bushewa ke sa ta tauri. Siminti kuwa ruwa yake sha ya yi ƙarfi. In ruwan ya gudu da wuri, ƙarfin ya tsaya a nan, ba ya ƙaruwa yadda ya kamata. Saboda haka in an zuba, kashegari a fara ba shi ruwa safe da yamma, har kwana 7. A rufe shi da tsofaffin buhuna jiƙaƙƙu, musamman da hunturu, sa'ad da iska ke busar da kome. Magina sukan lissafa kwana 28 kafin ya kai ƙarfinsa. Awon fuskar daɓe kuwa, kwano 1 na siminti, kwano 3 na yashi mai tsabta wanda ba laka a ciki. Maigida ya tsaya da kansa ya ƙirga. Ai amfanin karatun ke nan.

Siminti in ya yi kyau, kula da shi ba wuya. Shara kullum, wanki da ruwa da sabulu ko sau ɗaya a mako, a tsane da tsumma. In manja ko man gyaɗa ya zube, a rufe da toka ta kwana, a share, a wanke da ruwan zafi da sabulu. Ruwan batir yana cin siminti. Gishiri da takin zamani su ma suna ɓata shi in sun jiƙe. Kada a jibge buhunansu a ƙasa, a jera katako a ɗora. Buhun hatsi ma haka, don siminti yakan jawo danshi daga ƙasa, hatsin da ke gindin buhu ya yi fumfuna.

Masu wanka da bilic su ji wannan da kyau. A surka shi da ruwa kawai. Kada a haɗa shi da wani maganin wanke bayi. Haɗin yakan ta da iska mai guba, mai shaƙe numfashi, a ɗaki rufaffe tana iya kai mutum asibiti.

Leda ta shigo ɗakunan amare, tana da kyau a ido, tsumma mai ɗan ruwa ya ishe ta. Amma mu ba mu cika sonta a kan daɓen ƙasa ba. Ƙasa tana fitar da danshi, leda kuwa ba ta barinsa ya fita. Sai daɓe ya ruɓe a ƙarƙashi, gara ta yi gida, mai ɗaki ba ta sani ba. In an shimfiɗa, a riƙa ɗaga ta ana shan iska, ana sharewa. Kaskon turare kuma kada ya zauna a kanta, garwashi ɗaya ya isa ya huda ta.

Tayil ya fi duka sauƙin wanki, ya kuma fi duka santsi. In an goge, a bari ya bushe kafin a taka. Yaro in ya faɗi yakan tashi ya yi kuka ya manta. Tsohuwa in ta faɗi ta karye a ƙugu, wani lokaci ba ta sake tafiya da ƙafarta. Gidan da ke da tsoho, in za a sa tayil a wurin wanka ko wurin alwala, a zaɓi mai kaushi.

Tabarma da darduma da buzu, su ma ƙasan ɗaki ne. A fitar da su rana, a kakkaɓe a waje nesa da inda ake girki, a share ƙarƙashinsu. Takalmi kuma ya tsaya a bakin ƙofa, kaji da awaki su tsaya a tsakar gida.

Kafin mu sake haɗuwa, kowa ya janye gado da tukwane a ɗakinsa ya duba. Ya ƙirga rami nawa, tsaga nawa, ya rubuta adadin a littafinsa, ya zo da shi aji. Wanda ya san inda ake samun burji mai kyau kusa da garin nan, ya zo ya gaya wa sauran.